MI KE KASHE INJIN JIRGI A TSAKIYAR RUWA?

Darasinmu na wannan karo a kan injin gazuwal ne, irin wanda ake sa ma manyan jiragen ruwa. Wani zai ce: mu mutanen tudu, mi ya haɗa mu da jirgi? To, ku saurara. Kogin Isa, wanda wasu ke ce ma Kwara, ya ratsa ƙasarmu tsawon kilometir 550. Ya shigo daga Mali, ya bi ta Ayoru, Tilaberi, Yamai da Sayi, har Gaya. Can gabas kuma ga tafkin Cadi. Ƴaƴanmu da yawa suna zuwa wuraren nan kamun kifi, ko fatauci, ko cin rani. Wasu ma sun zama yaran jirgi. Bayan haka, injin jirgi ɗan uwan injin niƙa ne, da na ban-ruwa, da na babbar mota. Cutarsu kusan ɗaya ce.

Sai dai akwai bambanci babba. Injin niƙa in ya mutu, mata su kwashe hatsinsu su koma ga turmi. Mota in ta mutu, fasinja su sauka su zauna gindin icce. Jirgi kuwa, in injinsa ya mutu, babu wurin sauka. Ruwa na jan shi, iska na juya shi, ga mata, ga yara, ga buhuna.

Ku lura, ba zancen ƙaramin injin nan mai shan isansi muke ba, wanda ake ratayawa a bayan kwalekwale. Shi darasinsa dabam ne. Muna zancen wanda ake girkawa cikin jirgi, kamar na manyan jiragen nan na Mali da ake ce ma pinas, masu jigila tsakanin Mopti, Tumbuktu da Gawo.

ƘAƘA INJIN YAKE AIKI?

Wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ne ya ƙago shi. Injinsa na farko da ya yi aiki sosai, a shekarar 1897 anka gwada shi. Shi ya sa a Najeriya za ku ji ana ce ma mansa dizal. Mu nan gazuwal muke cewa.

Injin gazuwal ba ya da buji. Babu tartsatsin da ke kunna mai. Ga yadda abin yake. Pistan ya ja iska cikin silandir. Ya dawo ya matse ta, har ta koma kamar kashi 1 cikin 18 na girmanta. Iska in an matse ta haka, zafi take yi. Wanda ya taɓa buga pompon keke ya san bakinsa na ɗaukar zafi. A cikin inji zafin yana wuce digiri 500. A daidai nan ne ake feso gazuwal kaɗan, kamar hazo. Ya kama da wuta da kansa, ya tura pistan ƙasa. Pistan ya juya ƙarfe, ƙarfe ya juya farfela, jirgi ya tafi.

Ke nan abincin inji gazuwal ne da iska. Baƙin mai shi ne jininsa. Ruwa kuma shi ke sanyaya shi. Inji ne mai ƙwari, yana iya shekara da shekaru yana aiki. In kun ga ya mutu a hanya, ba safai ƙarfensa ne ya karye ba. Yawanci ɗaya daga cikin abubuwan nan ne ya ƙazanta, ko ya yanke.

Abu ɗaya kuma da ya kamata ku sani. Mota tana hawa tudu, tana gangara, injinta ya huta. Injin jirgi ba ya da gangare. Tun daga tashi har isowa turin ruwa yake, kamar babbar mota da ke hawan tudun da ba ya ƙarewa. Don haka ƙaramin ciwon da mota za ta yi wata tana tafiya da shi, jirgi a yini ɗaya zai kwantar da shi.

GAZUWAL MAI DATTI

Nan ne uwar matsala, don haka nan za mu daɗe.

Tun shekarar 2011 ana tace gazuwal a ƙasarmu, a matatar SORAZ kusa da Damagaram. Amma daga matata zuwa bakin kogi tafiya ce mai nisa. Mai ya fita daga tankin mota ya shiga tano, wato gangar ƙarfe. Daga tano ya shiga bido. Daga bido ya shiga wani bidon da jiya ruwa anka ɗebo da shi. A kowane zango yana iya kwasar ƙura, tsatsa da ruwa.

Don mi ɗan datti kaɗan yake da illa haka? Don pompon da ke tura gazuwal, da bakunan feshi waɗanda makanikai ke ce ma anjektar, aikinsu na da laushi ƙwarai. Kafofin feshin ƙanana ne, allurar ɗinki ma ba ta shiga. Ƙarafan cikin pompo kuwa sun yi ma juna cif, gazuwal ɗin da kansa ne ke zame musu man shafawa. Ƙwayar rairayi in ta shiga, sai ta karce su. Ruwa in ya shiga, sai tsatsa. Kuma a inji duka, gyaran pompo na cikin gyare-gyare mafi tsada. Ba a yin shi a bakin kogi, sai an kai birni.

Ruwa na shiga tanki ko da ba wanda ya zuba shi. Kun san raɓar da ke kwanta a kan kwanon rufi da asuba. Haka take yi cikin tankin da ba ya cike. Da rana iska mai laima ta shiga. Da dare ƙarfe ya yi sanyi, laimar ta zama ɗigon ruwa, ta gangara. Litir ɗaya na gazuwal nauyinsa wajen giram 840 ne, na ruwa kuwa giram 1000. Ruwa ya fi nauyi, sai ya kwanta a gindin tanki. In ya daɗe, wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su yaɗu a tsakanin ruwan da man. Su ne ke zama baƙin abu mai yauƙi da kuke gani a filtir.

Yanzu ga abin da ya sa injin jirgi ke mutuwa daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Muddin ruwa na kwance, dattin yana kwance a gindin tanki, inji na tafiya lafiya lau. Ran da hadari ya taso, igiyar ruwa ta fara jijjiga jirgi, sai dattin ya motse kamar an dama fura. Tiyo ya zuƙe shi, filtir ya toshe, inji ya shaƙe. Mutane su ce iska ce ta kashe shi, wasu ma su ce mutanen ruwa ne. Dattin wata shida ne ya tashi.

Maganin ba ya da tsada. In kun sayi tano, ku girka shi a ɗan karkace, ku bar shi kwana ɗaya ko biyu ba motsi. Ku ja man daga sama. Kada tiyo ya taɓa gindi, ku bar kamar faɗin tafin hannu. Abin da ya rage a ƙasa a wanke kayan aiki da shi. In kuna shakkar mai, ku zuba kaɗan cikin farin kwalba, ku ajiye. Bayan ɗan lokaci ku ɗaga a rana. In da ruwa, za ku gan shi a ƙasa, ya ware. Ku sami mazurari mai rariya mai laushi. Tsumma na tare rairayi amma ba ya tare ruwa, kuma tsohon tsumma zare yake zubarwa. Kada ku ajiye gazuwal cikin bokitin ƙarfe mai farin shafe irin na kwanon rufi, don man na cin shafen, ya kai shi ga anjektar. Bidon mai na mai ne kaɗai, a sa mishi alama.

Ku cika tanki da marece in an gama aiki, kada ku bari sai safe. Tanki cikakke ba ya da wurin raɓa. Kowace safiya kuma ku kwance ƴar kusar da ke ƙarƙashin filtir na farko, ku tsiyaye ruwan da ya taru har gazuwal tsantsa ya fito. In tankinku na da irin kusar nan a gindi, shi ma a riƙa tsiyaye shi. Wanda zai sa a ƙera mishi sabon tanki, ya ce ma maƙeri ya yi mishi ita, ya kuma yi murfi babba da hannu ke shiga don wanki.

Wasu na gauraya gazuwal da kalanzir don araha. Kalanzir ba ya da santsin gazuwal, pompo ne zai biya bashin. Isansi kuwa kada a kuskura. Yana lalata inji, ga kuma gobara, cikin jirgin katako.

IN ISKA TA SHIGA HANYAR MAI

Iska abinci ce ga inji, amma ta ƙofarta. In ta shiga tiyon gazuwal, inji ya tsaya. Pompo ba ya iya tura kumfa, matsewa kawai take yi ta dawo. Tana shiga in mai ya ƙare a tanki, ko an canja filtir, ko wani tiyo ya tsage, ko noti ya saki saboda jijjiga. In tanki ya kusa ƙarewa jirgi kuma na tangaɗi, bakin tiyo na fita daga mai ya zuƙi iska. Alamarta: inji ya yi sama, ya yi ƙasa, kamar mai haki, sannan ya mutu.

Fidda iska aiki ne da ya wajaba kowane yaron jirgi ya iya, ko da dare ba fitila. A kan filtir akwai ƴar kusa. Ku sassauta ta. A jikin inji akwai ƙaramin pompo mai ɗan hannu. Ku yi ta danna shi. Kumfa za ta fito, sannan mai da kumfa, sannan mai tsantsa. Ku ɗaure kusar. In babban pompo na da irin kusar, ku yi mishi haka. In duk da haka inji bai tashi ba, ku sassauta notin tiyon ƙarfe a bakin anjektar, ku juya inji har mai ya tsirto, ku ɗaure.

Gargaɗi: kada ku tara hannu a gaban feshin anjektar don ku ji ko yana aiki. Ƙarfinsa na huda fata, man ya shiga nama. Raunin ƙarami ne a ido, amma yana iya sa a yanke yatsa. Wanda abin ya samu a kai shi likita a ranar.

RUWAN SANYAYA INJI

Mota na da iska da ke busa ta. Injin jirgi a ƙasa yake, cikin akwati, don haka ruwan kogi ake jawo mishi. A wasu injuna ruwan kogin ne ke zagaya jikin inji kai tsaye. A wasu kuma inji na da nasa ruwa mai tsabta a rufe, ruwan kogi na bi ta cikin ƴan bututu yana kwashe mishi zafi. Ko wanne ne, hanyar ɗaya ce: kafa a ƙarƙashin jirgi ko tiyo a gefe, sai rariya, sai pompon ruwa, sai inji, sannan ruwan ya fita waje.

To, kogin namu ba ruwan randa ba ne. A watannin Agusta da Satumba ruwan ja ne, cike da laka da rairayin da koramu sunka kwaso. Babban ruwan da ke zuwa daga Gine da Mali yana kai ƙarshen cikarsa a Yamai wajen Janairu. A watannin Mayu da Yuni kuwa kogi ya janye, tudun rairayi ko'ina. Manya na tune da Yunin 1985, lokacin da ruwan ya daina gudu a Yamai. Jirgi in ya bi wuri marar zurfi, farfela ta tada rairayi, pompo ya sha. Ga kainuwa, ga burgu, ga kuma leda, wadda ita ce ta fi sharri. Leda ta manne a bakin kafa, ruwa ya yanke. An kashe inji, ta saki ta tafi. Mai jirgi ya duba bai ga komi ba, ya rasa abin da ya faru.

Cikin pompon ruwa na injuna da yawa akwai ƴar farfela ta roba mai fukafukai. Ruwan da take turawa shi ke jiƙa ta. In ta juya a bushe, cikin minti kaɗan ta ƙone, fukafukan su kakkarye. In kun canja ta, ku ƙirga fukafukan tsohuwar. In ɗaya ya ɓace, yana nan cikin hanya, ku neme shi, in ba haka ba gaba zai toshe. Robar nan ba ta fi tafin hannu ba, amma rashinta na tsayar da jirgi mai ɗauke da buhu ɗari. A ganinmu, mai jirgin da ya bar tasha ba ta biyu a akwati bai shirya tafiya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Doka ta farko: da inji ya tashi, a leƙa wurin da ruwa ke fita. In yana fita da ƙarfi, madalla. In ba ya fita, a kashe inji nan take. A hanya ma a riƙa leƙawa. Wani tsohon matuƙi, in ya ɗauki sabon yaro, tambayarsa ke nan dukan yini: «Kai yaro, ruwa na fita?» Yaro ya ce: «Yana fita, maigida.» In ya amsa bai juya ya duba ba, ranar zai sha faɗa.

Inji mai lafiya zafin ruwansa tsakanin digiri 80 ne da 90. In allura ta wuce haka, ko kun ji warin fenti da roba na ƙuna, ku rage wuta, ku nufi gaɓa, ku kashe. Kada ku buɗe murfin ruwa da zafinsa, tururi zai ƙone muku fuska. Kada kuma ku sheƙa mishi ruwan sanyi. Tukunyar ƙasa in tana kan wuta anka zuba mata ruwan sanyi, kun san abin da ke faruwa. Kan inji ma haka yake tsagewa. Ku jira ya huce. Sannan ku bi hanyar ruwa daga farko: kafa, rariya, roba, bel.

Akwai wani ɗan ƙarfe da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, sannan ya buɗe. Tarmosta ake ce mishi. Wasu makanikai na cire shi su yar, wai ƙasarmu da zafi. Kuskure ne. Injin da ke aiki da sanyi ba ya ƙone mai sosai, yana tara baƙi, yana saurin cinyewa. In ya lalace a sa sabo.

RUWA TA BUTUTUN HAYAƘI

Wannan ba ya faruwa kullum, amma in ya faru ɓarnar babba ce. Jirgi in ya yi lodi ƙwarai, bakin bututun hayaƙi na kusantar ruwa. Inji na kashe, igiyar ruwa ta bugo daga baya, ruwa ya bi bututu har cikin silandir. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. In an tilasta ma inji juyawa, sandar pistan ta lanƙwashe. Don haka in kun ji ya fara juyawa ya tsaya cak kamar ya ci karo da dutse, kada ku sake gwadawa. A cire anjektar duka, a juya da hannu ruwan ya fita, a canja baƙin mai. Bututun kuma a gyara shi: ya fara hawa sama sosai, sannan ya gangara waje.

Injin da ya nutse ma ana ceton shi, in an yi sauri. Muddin an fidda shi daga ruwa, tsatsa ta fara aiki. A zubar da mai duka, a wanke, a sa sabo, a tada shi cikin kwana ɗaya. In an bar shi mako, sai an wargaje shi.

BAƘIN MAI DA HAYAƘI

Kowace safiya, kafin a tada inji, a zaro sandar awo, a goge, a mayar, a sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin zane biyu. In ya yi fari kamar kunu, ruwa ya shiga, kada a tada. In yana ƙaruwa da kansa, ba albarka ba ce, gazuwal ne ko ruwa ke zuba ciki. Kada kuma a cika ya wuce zane. Injin gazuwal na iya shan baƙin mansa ya haukace, ya yi ta gudu ko an rufe gazuwal. In haka ta faru, a toshe bakin iska da guntun katako. Ba da hannu ba.

Hayaƙi kuwa bakin inji ne, da shi yake faɗin ciwonsa. Baƙin hayaƙi na nufin mai ya fi iska yawa: ko kaya sun yi nauyi, ko matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu, ko farfela ta fi ƙarfin inji, ko anjektar na zuba maimakon feshi. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙuna, yawanci zobban pistan sun cinye. Fari da safe lokacin ɗari, in ya ɗauke bayan inji ya ɗumama, ba komi. In bai ɗauke ba, ko gazuwal ne ke fita bai ƙone ba, ko ruwa ya sami hanya cikin silandir.

A bar inji ya ɗumama kamar minti 5 kafin a ɗora mishi nauyi. A hanya kada a danne shi iyakar ƙarfinsa, kashi 3 cikin 4 ya isa. In an iso a bar shi ya yi minti 3 a hankali kafin a kashe. Barin shi yana kuka awa da awa a tasha ana jiran fasinja kuwa, asarar mai ce, kuma yana cutar silandir.

Batir maganarsa gajera ce. Laima na cin kawunansa, a kankare su, a ɗaure, a shafa girisi. A girka shi sama, inda ruwan cikin jirgi ba ya kai. Kada a ja makunni ya wuce daƙiƙa 10, a huta, a sake. Inji na tafiya kada a cire wayar batir. Mai injin da ake tadawa da hannu ya huta da wannan duka, sai dai ya kiyayi babban yatsansa.

LODI

Lodi ya taɓa kowane sashe na darasin nan. Shi ke sa baƙin hayaƙi, shi ke sa zafi, shi ke nutsar da bututu. Kuma jirgi mai lodin da ya wuce kima ba ya da sauran gefe a sama da ruwa. A watan Satumba na 2017, wani jirgi da ya taso daga yankin Gaya da ƴan kasuwa zuwa Lolo, cikin jihar Kabi ta Najeriya, ya kife. Mutum fiye da 30 sunka rasu. Fasinja ma na da bakin magana. In kun ga gefen jirgi ya kusa shan ruwa, ku sauka ku jira na gaba.

IN YA MUTU A TSAKIYA

Aiki na farko ba na inji ba ne. Kowa ya zauna inda yake, kada a taru gefe ɗaya. A saki ƙugiya, ko a kama sandar tuƙi da filafili, a juya kan jirgi ya fuskanci igiyar ruwa. Jirgin da ya ba igiya haƙarƙari shi ke kifewa. Shi ya sa injin komi sabuntarsa, ba a barin sanda da filafili a gida.

Sannan a tambayi kai: ƙaƙa ya mutu? In ya yi ta raguwa yana haki, a nemi gazuwal: tanki, filtir, iska. In ya tsaya farat ɗaya jirgi ya girgiza, a duba farfela, wataƙila taru ko igiya ta naɗe ta. Wanda zai shiga ruwa ya yanke, a ɗaura mishi igiya, a cire makunni, kowa ya san da mutum a ƙasa. In da wari da tururi, hanyar ruwa ce. Kada a fara da kwance babban pompo. Ba a buɗe shi a kan ruwa.

Akwatin jirgi ya ƙunshi filtir biyu, robar pompon ruwa, bel, guntun tiyo, waya, kile masu daidai da notin injin, wuƙa, fitila, da bidon gazuwal tatacce.

LITTAFIN INJI

Masu ƙera inji da awa suke ƙirga, ba da wata ba. Yawanci suna cewa a canja baƙin mai da filtirinsa tsakanin awa 100 da awa 250, gwargwadon irin injin. In da littafin maƙera, shi za a bi. Amma wa ke iya riƙe awa 150 a ka? Ku sayi ƙaramin littafi. Ku ja layi huɗu: ranar wata, awa nawa inji ya yi, litir nawa ya sha, mi anka yi mishi. A sa shi cikin leda, a ajiye wuri busasshe. Littafin zai gaya muku ranar canjin mai. In inji ya fara shan gazuwal fiye da da a hanya ɗaya, shi zai fara nuna muku, tun hayaƙi bai canja ba.

Wajen awon mai kuma, injin gazuwal in yana aiki da ƙarfinsa, kowane doki 5 na shan wajen litir 1 a awa. Inji mai doki 40 ke nan wajen litir 8. Matuƙa na raba mansu uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ajiya. Ku tuna, hawan ruwa ya fi gangara cin mai da lokaci.

Ga lissafi biyu, ku yi su a allo tare da malaminku.

Na farko: inji na aiki awa 6 kullum, kwana 5 a mako. Ana canja mishi baƙin mai bayan awa 150. Bayan mako nawa za a canja?

Na biyu: jirgi na shan litir 8 a awa. Zuwa kasuwa, yana bin ruwa, awa 3 ne. Dawowa, yana hawan ruwa, awa 5. Mai jirgi na son ya riƙe litir 30 na ajiya. Litir nawa zai tanada kafin ya tashi? In bidonsa na cin litir 25, bido nawa zai ɗauka?